Tafiya Ce Ko Gudu Ake Ɓoyewa? Amsa Kan Gasar Tattaki

Tambaya: Malam, na kalli gasar tafiyar sauri a talabijin lokacin Olamfik, mutane suna ta karkaɗa ƙugu kamar masu rawa. Da aka maimaita hoton a hankali sai na ga ƙafafun wasu duka biyu a sama. To wannan tafiya ce ko dai gudu ake ɓoyewa? Daga ina aka samo wasan nan, kuma wanda yake son gwadawa ta ina zai fara?

Amsa: Ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Da za ka ɗauki kyamara ka bi manyan 'yan wasan nan ɗaya bayan ɗaya, kusan kowannensu za ka kama shi a sama. Sai dai zaman da yake yi a saman bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na sakan ɗaya ba, kuma idon mutum ba ya iya cafke abu mai gajarta haka. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta san da wannan, shi ya sa tun tsakiyar shekarun 1990 ta rubuta dokar yadda ba za a yi gardama ba. Sharuɗɗa biyu ne. Na farko, kada ɗan wasa ya rabu da ƙasa rabuwar da idon mutum zai gani. Na biyu, ƙafar da ya jefa gaba ta zama a miƙe, ba lanƙwasa a gwiwa, tun daga lokacin da diddige ya taɓa ƙasa har ƙafar ta zo daidai ƙarƙashin jikinsa. Saboda haka abin da kyamara ta nuna maka ba laifi ba ne a dokance. Laifi shi ne abin da alƙali ya gani da idonsa yana tsaye a gefen hanya.

Na san za ka ce wannan ai wayo ne. Na daɗe ina horar da masu tattaki, na kuma riƙe katin alƙalanci a ƙananan gasa, kuma ban taɓa zama da mutanen da ba su san wasan ba a tashi ba tare da wani ya jefo min wannan maganar ba. Amma tambayar da ka yi ita ce tambayar da ta haifi wasan. Shekara fiye da 200 ana faɗa a kanta: a ina tafiya ta ƙare, a ina gudu ya fara?

Asalin abin caca ce, ba wani abu ba. A Ingila ta ƙarni na 18, masu kuɗi suna da barori da ke bin keken dokinsu a ƙasa, sai iyayen gidan suka shiga zuba kuɗi a kan wane bara ne ya fi wani juriya. Daga nan aka samu waɗanda suka mai da tafiya sana'a. Wani Foster Powell, magatakardan lauya, ya tashi daga Landan ya je birnin York ya dawo a 1773, kusan mil 400, cikin ƙasa da kwana 6. Amma wanda ya girgiza ƙasar shi ne Kyaftin Robert Barclay, ɗan Sukotlan. A 1809, a garin Newmarket, ya ci alwashin zai taka mil 1 a cikin kowace awa, har awa 1000 a jere, a kan gini 1000. Gini ɗaya fam guda ne da sule guda.

Idan ka ji mil 1 a awa sai ka raina, ai ko tsoho zai yi. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Awa 1000 kusan kwana 42 ke nan, dare da rana, kuma babu awar da za a ɗaga masa ƙafa. Wato mako 6 ba zai yi barci mai nauyi ba. Dabarar da ya yi ita ce, ya taka mil ɗaya a ƙarshen wannan awar, ya ɗora na gaba a farkon awar da ke bi mata, sai ya samu kamar minti 90 na kwanciya kafin a sake tashinsa. Ya fara ranar 1 ga Yuni ya gama ranar 12 ga Yuli, ya rame ƙwarai, ga dubban mutane sun yi dafifi suna kallo. Mata ma sun shiga. Emma Sharp ta maimaita irin ta Barclay a Bradford a 1864, sanye da kayan maza. Ada Anderson kuma ta tsananta abin a Brooklyn ta Amurka, daga ƙarshen 1878 zuwa farkon 1879: rubu'in mil a kowane minti 15, har sau 2700. Wannan kam barcinta na 'yan mintoci ne, kusan wata guda.

A Amurka mutumin da ya kunna wutar shi ne Edward Payson Weston. Ya yi caca a kan zaɓen shugaban ƙasa na 1860 cewa Abraham Lincoln ba zai ci ba, ya faɗi, hukuncinsa shi ne ya taka daga Boston zuwa Washinton wurin rantsarwa, mil 478. Ya yi tafiyar cikin kwana 10 da 'yan awoyi a 1861, ya isa an riga an rantsar, amma jaridu sun riga sun ɗauke shi. A 1867 ya taka daga Portland ta jihar Maine zuwa Shikago, sama da mil 1200. Yana ɗan shekara 70 ma, a 1909, ya tashi daga Niyok ya ƙetare ƙasar har San Francisco a ƙafa.

Weston da babban abokin hamayyarsa Daniel O'Leary, haifaffen Ailan mazaunin Shikago, su suka shigar da wasan cikin zaure aka fara yankar tikiti. Nan aka samu gasar kwana 6. Me ya sa 6? Domin ba a yarda a yi wasan kuɗi ranar Lahadi ba, sai a fara da zarar daren Lahadi ya raba, a tashi daren Asabar. A tsakiyar zauren akwai ƙaramar da'ira da aka shimfiɗa wa ƙasa da garin katako, kowane ɗan wasa da 'yar bukkarsa a gefe inda zai faɗa ya ɗan runtsa, makaɗa suna busa, 'yan caca suna ihu, hayaƙin taba ya turnuƙe ko'ina. Masu kula da 'yan wasan har barasa suke ɗura musu wai don ƙarin kuzari, Weston kuwa an san ya tauna ganyen koka, wanda ake yin hodar iblis da shi, a wata gasa a Landan a 1876. O'Leary ya doke shi a Shikago a 1875, ya sake doke shi a Landan a 1877. A 1880 wani baƙar fata, Frank Hart, ya taka mil 565 cikin kwana 6 a zauren Madison Square Garden na Niyok, ya kafa tarihi, a zamanin da ba kowane wasa ake barin baƙi su gwabza da farare ba.

To, inda kuɗi suka taru dole gardama ta taru. Ƙa'idar wancan lokaci a baki take: diddigen ƙafar gaba ya sauka kafin yatsun ƙafar baya su tashi. Wanda kuɗinsa ya kusa nutsewa kuwa sai ya fara kururuwar cewa wancan gudu yake yi. Wani attajirin Ingila, Sir John Astley, da abin ya ishe shi, sai ya sa kambu a 1878 ya ce kowa ya tafi yadda ya ga dama, mai gudu ya yi, mai tafiya ya yi, mil kawai za a ƙirga. A irin wannan gasar ce George Littlewood ya yi mil 623 a 1888, bajintar da ba a karya ba sai a 1984. A nan hanya ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya zama tseren gudu mai dogon zango. Ɗaya reshen ya ce a'a, tafiya tafiya ce, a sa alƙalai. Shi ne wanda ka gani a talabijin. Gasar kwana 6 ɗin kanta keke ne ya kashe ta: da aka samu keke mai ƙafafu biyu daidai a shekarun 1880, 'yan kallo suka koma inda ake sheƙa gudu ana faɗuwa.

Masu wasa don sha'awa, ba don kuɗi ba, su suka raini reshe na biyun. An sa tafiyar mil 7 a gasar zakarun Ingila ta farko a 1866. A Olamfik ta Landan ta 1908 an yi tafiyar mita 3500 da ta mil 10, wani ɗan sanda, George Larner, ya lashe duka biyun. Ugo Frigerio na Italiya ya ci zinare 3 tsakanin 1920 da 1924, amma rigimar alƙalanci ta yi yawa har aka cire wasan gaba ɗaya a 1928. Da ya dawo a 1932 a Los Angeles, da kilomita 50 ya dawo, Tommy Green na Birtaniya ya ci yana ɗan shekara 38. An ƙara kilomita 20 a 1956. Mata sai a 1992 aka ba su kilomita 10 a Basalona, aka mai da ita 20 a 2000.

Akwai labarin da nake yawan ba yarana. Don Thompson na Birtaniya ya yanke jiki ya faɗi saboda zafi a gasar kilomita 50 ta Melbourne a 1956. Da ya ga ta 1960 a birnin Rum za a yi, cikin bazara, sai ya riƙa shiga banɗakin gidansu ya rufe ƙofa, ya kunna risho, ya jera butocin tafasasshen ruwa, ya yi ta motsa jiki cikin tururi. Jiri ya riƙa ɗibarsa, yana zaton zafi ne, sai daga baya ya gane hayaƙin rishon ne ke neman hallaka shi. Ya je Rum ya ci zinare. Kada ka kwaikwayi rishon, amma ka lura cewa tun a lokacin ya fahimci abin da masana suka tabbatar daga baya, cewa jiki yana koyon zafi idan aka saba masa a hankali. A gasar duniya ta Doha a 2019, sai ƙarfe 11 da rabi na dare aka fara kilomita 50 don gudun zafi, duk da haka wanda ya ci, Yusuke Suzuki na Japan, sai da ya haura awa 4.

Bayan Turawan Ingila, wasan ya koma hannun Tarayyar Sobiyat da Jamus ta Gabas da Italiya, sannan Meksiko. Wani koci ɗan Poland, Jerzy Hausleber, ya je Meksiko a 1966, ya sauya salon baki ɗaya: ƙugu ya saki, taku ya zama gajere mai yawa maimakon dogo mai nauyi. Ɗalibansa Daniel Bautista a 1976, da Ernesto Canto da Raúl González a 1984, duk zinare suka kwaso. Rawar ƙugun da ta ba ka dariya, yawancinta daga wannan makarantar ta yaɗu. Jefferson Pérez ya ba ƙasar Ikwado lambar Olamfik ta farko a tarihinta a 1996 ta hanyar tattaki. Robert Korzeniowski na Poland yana da zinare 4, uku a kilomita 50 a jere, 1996 da 2000 da 2004. Daga Afirka, Hatem Ghoula na Tunisiya ya ci tagulla a gasar duniya ta 2007. Ba zan ɓoye maka tabon wasan ba: cibiyar horarwa ta Saransk a Rasha ta fitar da zakaru da yawa da aka kama da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka haramta wa kocinsu Viktor Chegin wasa har abada a 2016. Jared Tallent na Ostireliya sai da ya jira kusan shekara 4 kafin a miƙa masa zinaren kilomita 50 na 2012.

Yanzu ga yadda alƙalancin yake. Ba a yin manyan gasa irin ta Olamfik daga gari zuwa gari, a kan da'ira ake yi mai tsawon kilomita 1 zuwa 2, don 'yan wasa su yi ta wucewa ta gaban alƙalai, waɗanda yawanci 6 zuwa 9 ne. Kowane alƙali yana riƙe da faifai mai ruwan ɗorawa. Alama ɗaya kamar igiyar ruwa, tana nufin kana gab da tashi sama. Ɗayar kamar kusurwa, tana nufin gwiwarka na lanƙwashewa. Wannan gargaɗi ne kawai. Idan alƙali ya tabbata ka karya doka, ba zai ce maka komai ba, jan kati zai rubuta ya aika, lambarka ta bayyana a babban allo. Alƙali ɗaya ba ya ba mutum ɗaya jan kati sau biyu, kuma alƙalai ba sa shawara da juna. A da, kati 3 daga alƙalai 3 kora ce nan take. Yanzu a manyan gasa ana tsare mutum a wani keɓaɓɓen wuri, minti 2 a tseren kilomita 20, ya tsaya yana kallon abokan hamayya suna wucewa, sai kati na 4 ya kore shi. A mita 100 na ƙarshe kuwa, babban alƙali shi kaɗai yana da ikon korar wanda ya fito fili ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Alƙali ba ya kallon fuska ko ƙugu. A gefe yake tsayawa, ɗan nesa kaɗan, ya bar ɗan wasa ya zo daidai gabansa, idonsa a kan gwiwa da tafin ƙafa. Daga gaba ko daga baya kowa kamar mai gudu yake. Jan katin da na fara rubutawa, wani matashi ne da ke kan gaba. Zagaye huɗu yana tafiya tsaf kamar an ja layi. A na biyar na ga kafaɗunsa sun fara hawa wajen kunnuwa, kansa ya fara tsalle sama da ƙasa, sautin takunsa ya sauya daga shuu-shuu zuwa fat-fat. Kafin in duba ƙafar ma na san abin da zan gani. Bayan an tashi ya zo ya rantse min bai yi gudu ba, kuma na yarda da shi, domin bai san ya yi ba. Gajiya ce take sace salon mutum ba da saninsa ba.

Shi ya sa korar take da ciwo. A Sidni a 2000, Jane Saville, 'yar ƙasar, tana kan gaba, tana gangarawa ramin shiga filin wasa inda dubban mutanenta ke jiran ta, sai alƙali ya ɗaga mata jan faifai. A tseren maza na wannan shekarar, Bernardo Segura na Meksiko ya riga kowa tsallake layi, yana cikin waya da shugaban ƙasarsa ana taya shi murna aka zo aka gaya masa an kore shi. Bayan wannan ne aka gyara hanyar isar da kati don kada a sake irin wannan jinkirin.

Batun ƙugu kuwa ba ado ba ne. Jikin mutum, da zarar saurinsa ya kai kamar kilomita 7 zuwa 8 a awa, da kansa yake son ya ɓalle da gudu, domin gudun ya fi masa sauƙi. Mai gudu yana lanƙwasa gwiwa, ƙafarsa ta zama kamar sifirin, ta cilla shi gaba. Mai tattaki an ƙwace masa sifirin ɗin, kuma ana so ya yi kilomita 15 a awa. Ina zai samo tazarar? Daga ƙugu. Yana juya kwankwaso gaba tare da ƙafar da ke fita, sai takun ya ƙaru ba tare da ya yi tsalle ba, tafin ƙafafunsa suna sauka a kan layi ɗaya kamar mai bin igiya. Ɓangaren ƙugun da ƙafarsa ke lilo kuma yana ɗan sauka ƙasa, wannan ne ke hana kai yin sama. Hannuwa a lanƙwashe, suna kai da kawo kusa da jiki. Sauran aikin na yawan taku ne, kusan 200 a minti. Ka auna da wannan: Yohann Diniz na Faransa ya yi kilomita 50 cikin awa 3 da minti 32 da sakan 33 a Zurich a 2014, wato kowace kilomita minti 4 da sakan 15, sau 50. Toshikazu Yamanishi na Japan ya yi kilomita 20 cikin awa 1 da minti 16 da sakan 10 a 2025. Yawancin masu motsa jiki ko da gudu ba za su riƙe wannan saurin na kilomita 3 ba.

Abin da ke min ciwo shi ne an yi ta datse wasan don ya shiga lokacin talabijin. Kilomita 50 ta ƙarshe a Olamfik ita ce ta Tokiyo, wadda aka yi a Sapporo a 2021, Dawid Tomala na Poland ya ci, kuma a cikin 'yan wasan akwai Jesús Ángel García na Sifaniya, ɗan shekara 51, a Olamfik ɗinsa ta 8. An maye gurbinta da kilomita 35 a gasar duniya daga 2022 zuwa 2025, a Faris kuma a 2024 aka yi ta karɓa-karɓa tsakanin namiji da mace. An ce don daidaito ne, tunda mata ba su da 50 a Olamfik. A ganina an yi gyaran gangar auzinawa. Mata sun riga sun nuna suna iyawa, Inês Henriques ta Fotugal ta ci ta gasar duniya a 2017 cikin awa 4 da minti 5 da sakan 56. Da sai a ba su tasu, ba a ƙwace ta maza ba. A 50 ne kaɗai kake ganin wanda ya yi zarra a kilomita 35 ya narke a 42, mai haƙuri ya taho daga baya ya wuce shi.

Dogon zangon na asali bai mutu ba, ya dai bar gaban kyamara. A Ingila akwai ƙungiyar da aka kafa a 1911, ba ka shiga sai ka taka mil 100, wato kilomita 161, cikin awa 24 a gaban alƙalai, kuma lambar da za a ba ka taka ce har abada. A Faransa a 1926 aka fara tattakin Faris zuwa Strasbourg, daga baya ya koma Faris zuwa Colmar, kusan kilomita 500 a wancan lokacin, dare da rana. A tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, ana zagaye mil 85 cikin awa 24. A irin waɗannan gasa an fi sa ido a kan kada a rabu da ƙasa, kuma abokan gabanka su ne barci da bororon ƙafa da cikin da ya ƙi karɓar abinci.

Idan za ka fara, ƙanena, manta da sauri na wata biyu. Nemi fili mai laushi da layi a ƙasa, ka sa takalmi mara tudun diddige, mai lanƙwasuwa a gaba, domin takalmin gudu mai kauri yana sa gwiwa ta lanƙwashe. Sauke diddige yatsu suna kallon sama, gwiwa a miƙe, ka bar jikinka ya mirgina a kan ƙafar har ka tura da babban yatsa. Kada ka miƙa ƙafa can gaba don neman dogon taku, birki kake taka wa kanka. Tsawon taku daga baya yake zuwa, wurin turawa. Cikin minti 10 na farko gaban ƙwaurinka zai ɗauki zafi kamar an zuba barkono, saboda naman wurin bai saba riƙe yatsu a sama ba. Kowa ya sha wannan. Ka sassauta, ka yi tafiyar yau da kullum na minti 2, ka koma. Yakan lafa bayan 'yan makonni, amma idan zafin a kan ƙashi yake, wuri ɗaya, kuma yana nan ko kana zaune, ka dakata ka ga likita. Fara da minti 20 sau 3 a mako, kana ƙara kaɗan-kaɗan, rana ɗaya a mako ta zama ta doguwar tafiya a hankali, da ruwan sha a kusa. Manyan 'yan wasa suna haura kilomita 100 a mako, amma shekaru suka kai su can. Sannan ka samu wani ya tsaya a gefe ya ɗauke ka bidiyo da waya, sau ɗaya a farkon atisaye, sau ɗaya a ƙarshe lokacin da ka gaji. Na ƙarshen shi za ka zauna ka duba, ka tsayar da hoton daidai inda diddige ya taɓa ƙasa, ka ga ko gwiwar a miƙe take.